Idan Ciwon Ƙoda Ya Haura Ido: Abin da Mai Suga da Masu Jinyarsa Za Su Yi

Mai ciwon suga da ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, sannan ido ɗaya ya fara yi masa dishi-dishi, a ranar ya kamata likitan ido ya gan shi. Kada a bari sai gobe, kada kuma a ce sai ya ƙare maganin maleriya da taifot da aka ba shi a kemis. Ƙwayoyin cutar da suka kama ƙoda suna iya faɗawa cikin jini, jinin ya kai su can cikin ƙwayar ido, su tara mugunya a wurin da maganin ɗigawa ba ya kaiwa. Endoftalmaitis likitoci ke ce masa. Ba kasafai ake gamuwa da shi ba, kuma cikin masu ciwon ƙoda kaɗan ne ƙwarai yake samu. Amma wanda ya samu, kwana ɗaya ko biyu na iya isa ganin idon ya tafi ba dawowa. Nazarin da ya tattara rahotannin masu wannan ciwo daga ƙasashe daban-daban ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu sai da aka cire musu idon, kuma jinkirin gane ciwon na cikin abin da ya fi cutar da su.

Daga mara zuwa ido

Mafarin abin ciwon fitsari ne, wanda mutane kan haɗa da wasu cututtukan su ce sanyi. Ƙwayar cutar da ta fi jawo shi ita ce E. coli, wadda a hanji take zaune, sai Klebsiella a bayanta. Daga dubura take zuwa ƙofar fitsari, ta shiga mafitsara, in ta sami hali ta bi bututun da ke sauko da fitsari ta haura ƙoda. Jikin mai suga kuwa ya fi na kowa ba ta wannan hali. Idan sugan jini ya wuce kamar 10 mmol/L, wato 180 mg/dL, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari, ƙwayoyin cuta su sami abinci. Sugan da ya shekara yana hawa yakan lalata jijiyoyin da ke matse mafitsara, sai mutum ya yi fitsari ya tashi alhali saura na kwance a ciki. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su ma ƙarfinsu na raguwa idan suga ya yi yawa. A ƙara da abubuwan da muke fama da su a nan: kumburin furostet, wato ƙullutun da ke zagaye da hanyar fitsarin maza a ƙasan mafitsara, a dattawa, tsakuwar ƙoda da zafin bazara da ƙarancin shan ruwa ke taimakawa wajen haifarwa, da tabon tsohuwar tsargiya a jikin wanda ya tashi yana wanka a dam ko kududdufi. Kowanne cikinsu yana tare fitsari, fitsarin da ya taru kuma shi ne ke ruɓewa.

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugawa ta cikin ƙoda yake bi, shi ya sa ƙodar da ta kamu ba ta wuyar zubo ƙwayoyin cuta cikin jini. A bayan ƙwayar ido kuma akwai wani siririn shimfiɗi cike da ƙananan hanyoyin jini, shi ke ciyar da tantanin gani, wato retina. A nan ƙwayoyin ke maƙalewa. A jikin mai lafiya akwai shingen da ke hana abin da ke cikin jini kutsawa ido, amma ciwon suga yana rarake wannan shinge. Da sun tsallake shi sai su faɗa cikin ruwa mai yauƙi da ya cika ƙwayar ido, wanda yawansa bai wuce mililita 4 ba, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba ke nan. Babu hanyar jini ko ɗaya a cikin wannan ruwa. Saboda haka masu yaƙi da cuta ba sa isa da wuri, maganin da aka sha ko aka sa a jijiya kaɗan ne yake ratsawa, na ɗigawa kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa. Mugunyar da dafin ƙwayoyin su ke cinye tantanin gani, shi kuwa in ya mutu ba ya sake tsirowa.

A fara gane ciwon ƙodar

Alamominsa sanannu ne: zazzaɓi da ya kai 38 a ma'aunin zafi ko ya wuce, rawar ɗari mai girgiza gado, ciwo a kwiɓi ko a baya ƙarƙashin haƙarƙari, yawanci gefe ɗaya, tashin zuciya ko amai, zafin fitsari, yawan zagayawa, fitsari mai duhu ko wari ko jini. Idan aka ɗan buga bayan da gefen hannu a inda haƙarƙarin ƙarshe ya haɗu da ƙashin baya, majinyaci yakan zabura.

Inda matsalar take shi ne mai suga, musamman tsoho, ba lallai ya nuna waɗannan duka ba. Wanda jijiyoyinsa suka mutu ba zai ji zafin fitsari ba. Wani ko zazzaɓi ba ya yi, sai dai a ga suga ya ƙi sauka alhali bai sauya abinci ko magani ba, ko Inna ta fara sambatu, ko Baba ya daina cin abinci yana ta barci. Duk mai sugan da ya shiga wannan hali, a gwada masa fitsari tare da gwajin maleriya. Ko da gwajin maleriyar ya nuna akwai, wannan bai wanke ƙoda ba, domin a damina mutum na iya ɗauke da duka biyun. Gwajin taifot na jini da ake yi nan take kuwa yakan nuna akwai a jikin mutane da yawa da ba su da ita, kuma ya ɓatar da masu jinya ba kaɗan ba.

Abubuwa uku ke nuna cutar ta riga ta shiga jini, kuma ko biyu aka gani a wuce sashen gaggawa kai tsaye: numfashi sau 22 ko fiye a minti ɗaya, lambar sama ta awon jini ta sauko 100 ko ƙasa, da ruɗewar hankali.

Yadda ake fitsarin gwaji yana da muhimmanci, don da yawa a nan ake ɓata shi. A karɓo kwalbar ɗakin gwaji mai murfi, ba kwalbar magani da aka ɗauraye ba. A yi tsarki da ruwa, a bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya, a rufe, a miƙa cikin awa biyu. A nemi gwajin da ake shuka ƙwayar cutar a ga maganin da ke kashe ta, wanda sakamakonsa ke ɗaukar awa 48 zuwa 72. A ba da fitsarin kafin a sha ƙwaya ko ɗaya ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin Ampiclox biyu da aka haɗiya jiya sun isa su hana komai tsirowa, a dawo da takarda ta ce babu komai alhali ƙoda na ci.

Duba ido a gida, safe da yamma

Wannan shi ne aikin mai jinya, kuma bai wuce minti biyu ba. Ana fara shi tun ranar farko ta zazzaɓi, tun ido bai nuna komai ba, don a san inda ganin yake tun asali. Masu suga da yawa dama suna da yana ko raunin gani, in ba a san yadda suke jiya ba, ba za a gane sun sauya yau ba.

A zaunar da shi inda akwai haske, da tabaransa in yana sawa. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ba da yatsu ba, kuma ban da dannawa. Mai jinya ya tsaya nesa kamar mita 3, ya ɗaga yatsu: "Baba, nawa kake gani?" A sauya yawan yatsun sau uku. In bai gani ba a matso mita 1, in bai gani ba a kaɗa hannu a gaban fuskarsa, in ko wannan bai gani ba a haska tocilan a tambaye shi ko yana ganin haske. Sai a koma ɗaya idon. A rubuta abin da kowane ido ya gani da lokacin. Dole sai ido ɗaiɗai, saboda mai lafiyar yana rufa wa mai ciwon asiri, mutum na iya kwana biyu da makantaccen ido bai sani ba, balle wanda zazzaɓi ya galabaitar.

Daga nan a tambaye shi, kada a jira ya faɗa da kansa. Yana ganin baƙaƙen ɗigo ko zare-zare suna yawo a gabansa? Akwai hayaƙi ko hazo a ido ɗaya? Haske yana damunsa? Idon yana masa ciwo can ciki, har zuwa goshi? Sannan a haska idon da fitilar waya daga gefe, yana zaune tsaye. A duba ja, musamman wanda ya zagaye baƙin ido, da kumburin fatar ido, da ko farin idon ya tashi ya yi ruwa-ruwa. A duba gindin baƙin idon da kyau: mugunya takan kwanta a nan, fara ko ruwan ɗorawa, samanta a miƙe, kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin ƙwarya. Wani lokaci siririya ce ƙwarai, sai an ja fatar ido ta ƙasa kaɗan ake ganinta. Wanda ya daɗe a kwance, a bari ya yi 'yan mintoci a zaune kafin a duba, don ta samu ta sauko.

Ba sai an ga alamomin duka ba. Raguwar gani kaɗai ta isa, ko da babu ciwo babu ja, domin wani yakan fara ne shiru daga bayan ido.

Abin da aka fi ruɗa shi da shi afolo ne. Afolo yana zuwa da kwantsa da ƙaiƙayi da jin kamar yashi a ido, yakan kama ido biyu, yakan bi mutanen gida, kuma in aka goge kwantsar gani na dawowa daidai. Idon da aka goge gani bai dawo ba, ba afolo ba ne. Hawan suga shi ma yana sa dishi-dishi, amma ido biyun tare, ba ja, ba ciwo. Akwai kuma zubar jini a cikin ido da hawan jinin ido, waɗanda su ma masu suga ke fama da su. Rarrabe su ba aikin gida ba ne, kuma duka dai wurin likitan ido ɗaya suke kaiwa a ranar.

Abin da ba a sa wa idon

Komai. Ban da nonon mace, ruwan sukari, ruwan albasa, tozali, garin magani ko hayaƙi. Mai son tofi ko addu'a ya yi a hanya, amma kada ruwan ya shiga idon. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da matsawa, ban da ɗaure idon tamau da ƙyalle. Baƙin tabarau ya wadatar in haske na damunsa.

Na kemis sun fi na gargajiya yaudara. Maganin ɗigawa irin kuloramfenikol ba ya cutarwa a kan kansa, illarsa ita ce kwana ukun da za a ɓata ana jiran ya yi aiki. Masu sinadarin sitiroyid a ciki, irin su Maxitrol, Betnesol-N da Sofradex, sun fi haɗari: suna rage ja da ciwo, kowa ya ce an samu sauƙi, alhali sun ƙara kwantar da garkuwar idon ƙwayoyin cuta na ta yaɗuwa. Likitan ido kansa yakan ba da irin wannan magani, amma sai bayan ya sa maganin kashe ƙwayoyin a cikin idon.

Don zafin jiki da ciwo, farasitamol kawai: giram 1 ga babba duk awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini. Daikulofenak, aibufurofen, Feldene da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma ƙodar da ke fama da cuta da ƙarancin ruwa tana iya tsayawa a dalilinsu.

Ina za a nufa

Ciwo biyu ne a jiki ɗaya, saboda haka asibitin da ya dace shi ne mai likitan ido da likitan cikin jiki da ɗakin gwaji a wuri guda. A Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka sani da FMC a da, irin wannan ne. Asibitin da ido kaɗai yake dubawa zai iya gane ciwon, amma mai rawar ɗari da jini ya sauka yana buƙatar gado da ƙarin ruwa da insulin. Mutanen Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Ɓaure su fara da babban asibitin da ke kusa a ɗebi jini da fitsari, a sa allurar farko, a rubuta takardar turawa. Daga Daura zuwa Katsina kamar kilomita 80 ne. In aka ce sai an yi aikin cikin ido, akan tura Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A roƙi likitan da ya tura ya buga waya can, a tabbata mai yin aikin yana nan kafin a ɗauki hanya.

Wanda ke ƙauyen da ba a bin hanyarsa da dare, in ya ga alama da rana ya tashi tun da hantsi ko azahar, kada ya ce bari a ga yadda za ta kwana. Juma'a da yamma, Asabar, Lahadi ko ranar hutu, asibitin ido na yau da kullum na iya kasancewa a rufe, amma sashen gaggawa ba ya rufewa, kuma daga nan ake kiran likitan ido mai jiran aiki. Majinyacin kada ya tuƙa mota ko babur.

A tafi da duk magungunansa a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da abin da aka ɗiga a idon, da na'urar awon suga, da takardar da aka rubuta gwajin yatsu, da tsofaffin sakamakon gwaji, da katin inshora in akwai. A riƙe lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, za a tambaya in aiki ya taso. Wajen bayani a haɗa abubuwa ukun a numfashi ɗaya: "Likita, Hajiya tana da suga, kwana huɗu tana zazzaɓi da ciwon kwiɓi, tun jiya kuma idon hagu ba ta gani sosai." In aka faɗa wa likitan ido maganar ido kaɗai, aka faɗa wa na zazzaɓi maganar zazzaɓi kaɗai, kowa zai yi maganin rabinsa.

Ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti yana da gwaji ɗaya mai sauƙi in yana da madubin duba cikin ido: a ɗaki mai duhu, daga nesa kamar tsawon hannu, ya haska ya duba jan hasken da ke dawowa daga tsakiyar ido. Idan ya dushe ko ya ɓace a ido ɗaya a jikin mai suga da zazzaɓi, turawa ce nan take, a rubuta sunan ciwon da ake zargi ɓaro-ɓaro a takardar.

Abin da za a yi a asibiti

Za a ɗebi jini a kwalabe na musamman don shuka ƙwayar cutar, daga wuri biyu daban, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, tare da fitsari da gwajin aikin ƙoda, da gishirin jini, da suga. Da an ɗiba sai a fara maganin jijiya ba tare da jiran sakamako ba. Seftiriyazon, giram 2 a yini, na cikin waɗanda aka fi farawa da su. Sai dai E. coli da yawa yanzu ba sa jin Septrin da Ampiclox, wasu ma sun daina jin sifuro, wato sifurofulokzasin, da seftiriyazon ɗin kansa, sai an koma irin merofenem mai tsada. Amfanin shukar ke nan: kuɗinta bai kai na mako guda ana sa maganin da ba ya aiki ba. Jentamaisin, da ake yawan yi wa mutane a kemis, yana taɓa ƙoda da ji, ba a yin sa sai an san ƙarfin ƙodar. Naitirofurantoyin kuma, duk da yana maganin ciwon mafitsara, ba ya taruwa a naman ƙoda ko a jini, don haka ba shi da amfani a nan.

Za a yi hoton ƙoda. Abin da ake nema shi ne toshewa, ko ƙurji, ko iska a cikin ƙodar. Wannan na ƙarshen kusan ciwon masu suga ne kaɗai, kuma yana kisa da sauri. Hoton siti, wato CT scan, ne ya fi nuna shi. Ƙodar da ta toshe sai an buɗe mata hanya, ko da siririn bututu ta mafitsara ko da wanda ake sawa ta baya, babban ƙurji kuma sai an zuƙe shi. Muddin mugunya na nan, jini zai ci gaba da kwasar ƙwayoyi, ɗaya idon kuma yana cikin haɗari. A nemi a haɗa da hanta a hoton: tun shekarun 1980 likitocin Taiwan suka lura cewa Klebsiella da ta yi ƙurji a hantar mai suga tana yawan tsallakawa ido.

A ɓangaren ido, likita zai ɗiga maganin buɗe ido ya duba duka biyun, in mugunya ta hana shi hangen baya ya yi hoton ido da na'urar sauti. Maganin gaske allura ce a cikin ƙwayar idon. A nan dangi suka fi ja da baya, wasu har su ce a ba su dama su je gida su yi shawara, shawarar kuma ta ci kwana biyu. Ga yadda abin yake: ana kashe zafin wurin, a wanke da ayodin, a shiga da siririyar allura ta farin ido, milimita 3.5 zuwa 4 daga gefen baƙin, inda ba za a taɓa tantanin gani ba. A zuƙo ɗan ruwa kamar mililita 0.2 don gwaji, sannan a sa magani biyu, bankomaisin miligiram 1 da seftazidim miligiram 2.25, kowanne cikin mililita 0.1, a sirinji daban-daban domin in suka haɗu suna dunƙulewa. Aikin 'yan mintoci ne. In bayan awa 48 zuwa 72 babu ci gaba, ana maimaitawa. In kuma aka ga alamar cutar ta funfuna ce irin Candida, wadda ke samun waɗanda suka daɗe da robar fitsari ko robar jijiya, maganin daban ne. Idan mugunyar ta yi yawa ko gani ya faɗi ƙwarai, akan yi aikin kwashe ruwan cikin idon gaba ɗaya. Allurar ba ta maye gurbin maganin jijiya, shi ma bai maye gurbinta ba.

Wani lokaci ana isowa ido ya riga ya mutu, ko haske ba ya gani, ga ciwo, ga mugunya na neman fasowa zuwa ramin ido. A nan likita zai kawo maganar kwashe abin da ke cikin idon ko cire shi. Magana ce mai nauyi, amma idon da ya kai haka ba gani ake ceto ba, rai da ɗaya idon ake karewa. Bayan kamar mako shida zuwa takwas ana iya sa idon roba.

Suga a kwanakin jinya

Cuta tana tayar da suga ko da mutum ba ya cin komai, don haka mai allurar insulin kada ya daina don ya daina cin abinci. Sai dai likita ya daidaita yawanta. A auna suga duk awa huɗu. A asibiti ana son ya zauna tsakanin 140 da 180 mg/dL, wato 7.8 zuwa 10 mmol/L. Na'urori sun bambanta, a duba wanne ma'auni taka ke nunawa. Ana raba lambar mg/dL da 18 a sami ta mmol/L. In ya wuce 250 mg/dL ga amai ko ciwon ciki ko numfashi mai zurfi, a gwada kiton, wato tsamin da ke taruwa a jini idan insulin ya yi ƙaranci. In ya sauka ƙasa da 70 mg/dL kuma majinyacin yana iya haɗiya, a ba shi ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15.

Ƙwayoyin maganin suga kuwa yawanci ajiye su ake yi a koma insulin har a warke. Metfomin, irin Glucophage, yana iya tara tsami a jini idan ƙoda ta yi rauni ko jiki ya bushe. Daonil da ire-irensa suna daɗewa a jiki idan ƙoda ba ta tacewa, su kayar da suga warwas a wanda ba ya cin abinci, balle an haɗa su da sifuro. Forxiga da Jardiance aikinsu ma zubar da suga cikin fitsari ne, ana dakatar da su. Wasu magungunan hawan jini da masu sa fitsari su ma akan tsayar na ɗan lokaci. Likita ne zai ce a ajiye, shi zai ce a koma, bayan ya sake gwada ƙodar.

Mai iya sha ya riƙa kurɓar ruwa, kamar rabin ledar fiya wata duk awa, sai fa in yana da ciwon zuciya ko ƙodar da aka riga aka ƙayyade masa ruwa. Masu zuwa dubiya da lemon kwalba, maltina, zoɓo da fura mai sukari, a karɓa a yi godiya a ba masu jinya. Mai wannan ciwo ba ya azumi, na farilla ko na nafila, har sai ya warke.

Bayan sallama

Maganin yakan ɗauki aƙalla mako biyu, in akwai ƙurji har mako huɗu zuwa shida. Zazzaɓi yana sauka cikin 'yan kwanaki, a nan ne mutane ke yankewa saboda kuɗi, cutar kuma ta dawo da ƙwayoyin da suka fi na farko taurin kai. In kuɗin ya gagara a faɗa wa likita, sau da yawa sakamakon shuka na nuna wani mai sauƙi da zai yi aiki. A ci gaba da gwajin yatsu kullum a ido biyun. Walƙiya a ido, ko baƙin labule da ke rufowa daga gefe, alama ce tantanin gani ya ɗago, abin da kan biyo bayan wannan ciwo ko da makonni sun wuce, kuma komawa ce a ranar. Wanda ido ɗaya ya rage masa ya riƙa sa tabarau mara fashewa, musamman a gona, a kan babur ko wajen faskare.

Sai a nemo dalilin da ya sa ƙodar ta kamu tun farko. Hoto bayan an yi fitsari yana nuna ko saura na kwanciya. Mai irin wannan mafitsara kada ya jira sai ya ji matsuwa, ya riƙa zagayawa duk awa uku, in ya gama ya dakata minti ɗaya ya sake gwadawa. Dattijon da fitsarinsa ke fita da ƙyar a duba masa furostet. Mata su riƙa tsarki daga gaba zuwa baya, su yi fitsari bayan saduwa, su bar cushe-cushen matsi da wanke ciki da sabulu. Robar fitsari a cire ta da zarar buƙatarta ta ƙare, in kuma dole ta zauna, jakar ta kasance ƙasa da mara kullum, a sauya ta a lokacin da aka ce. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, a sha ruwa har fitsari ya yi haske.

Akwai kuskure ta ɗaya gefen ma. Masu suga da yawa, musamman mata, in aka gwada fitsarinsu za a ga ƙwayoyin cuta alhali ba sa jin komai. Wannan ba a ba shi magani, sai ga mai ciki ko wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari; yawan shan maganin ba ya hana ciwon ƙoda, ƙwayoyin kawai yake koya wa jurewa. Abin da ke ragewa da gaske shi ne riƙe suga: gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, duk wata uku zuwa shida, ana neman kusan kashi 7 cikin ɗari ga yawancin manya, a ɗan sassauta wa tsofaffi. Sau ɗaya a shekara kuma a gwada aikin ƙoda da furotin a fitsari, a je likitan ido ya buɗe idon da magani ya duba bayansa, a ajiye takardar sakamakon tare da katin asibiti.